Buɗaɗɗiyar Wasiƙa ga Ma'aikatar Al'adu ta Tarayya da Masu Riƙe da Gidan Wasan Kwaikwayo na Ƙasa da ke Iganmu, Legas

Assalamu alaikum.

Mai girma Minista, da ku shugabannin hukumar wannan gida, bayan gaisuwa mai yawa da fatan kuna lafiya, ina yi muku barka da aiki. Ranar 1 ga Oktoba, 2025 na zauna gaban talabijin ina kallon bikin sake buɗe Gidan Wasan Kwaikwayo na Ƙasa, na ga kujeru sababbi, na ga fitilu sun haske babban zauren da ya shafe shekaru a kulle, wallahi sai da idona ya kawo ruwa. Yaba kyauta tukuici, saboda haka da godiya na fara. Amma akwai maganar da ta tsaya mini a rai tun daga ranar, na ga gara in faɗe ta a fili inda kowa zai ji, tun da gidan na kowa ne.

Ni ba ɗan wasa ba ne, tsohon malamin makaranta ne. Mahaifina, Allah ya jiƙansa, fataucin goro ya yi a Agege, shi ya sa duk dogon hutu a Ikko nake yinsa, kamar yadda su tsofaffinmu ke kiran Legas. Wata ƙaramar Salla, ina ɗan shekara goma sha ɗaya, ya ce in sa kayan Sallata za mu fita. Muka hau molue, babbar motar hayar nan ta Legas, muka yi ta tafiya a tsaye saboda cunkoso, har daga kan gada ya nuna mini wani gini da ke zaune shi kaɗai a tsakiyar fadama kamar hular hafsan soja. Da muka sauka muka tarar da layin masu sayen tikiti ya zagaye ginin kamar maciji: mata da gwaggwaro, tsofaffi da agwada, 'yan makaranta, masu tallar gyaɗa da lemo suna ratsa mutane. Fim ne na Yarabanci, kuma ban san ko kalma biyar ta harshen ba a lokacin. Wata dattijuwa da ke kusa da ni ta ga na yi zuru, sai ta riƙa sunkuyowa tana gaya mini abin da ake ciki da 'yar Hausarta ta kasuwa. In mugu ya fito, zauren ya ɗauki ihu. In aka kama shi, mutane su miƙe tsaye suna tafi. Da muka fito mahaifina ya yi shiru har muka kai tasha, sannan ya ce, “Ka ga mutanen da suka san darajar abinsu.” Ban taɓa mantawa da wannan magana ba.

Kun fi ni sanin yadda aka yi gidan ya samu, amma ku ba ni dama in maimaita, domin yaran da za su karanta wannan wasiƙa da yawansu ba su sani ba. A 1966 Shugaba Senghor na Senegal ya shirya bikin fasaha da al'adun baƙar fata na duniya karo na farko a Dakar, aka tsayar cewa Najeriya ce za ta karɓi na biyu. Yaƙin basasa ya hana. Da ƙura ta lafa, kuɗin mai kuma ya fara shigowa, gwamnatin Janar Yakubu Gowon ta ba wani kamfanin ƙasar Bulgeriya mai suna Technoexportstroy aikin gina gidan domin bikin a 1973, aka ɗauko fasalin ginin daga wani zauren wasanni da al'adu da ke birnin Varna na can ƙasar. Wanda ya fara aikin bai ga ƙarshensa a kan mulki ba. An hamɓarar da Gowon a Yulin 1975, aka kashe Janar Murtala a Fabrairun 1976, sai a hannun Janar Obasanjo aka buɗe gidan a wannan shekara. A lokacin babban zauren yana ɗaukar mutum 5,000, ga ɗakunan silima biyu, ga zauren taro, ga na baje koli. Aka kira manyan masu zane da sassaƙa na ƙasar nan, irin su Erhabor Emokpae da Yusuf Grillo, suka ƙawata shi da aikin hannunsu.

Daga 15 ga Janairu zuwa 12 ga Fabrairun 1977 aka yi FESTAC, wato bikin nan karo na biyu. Baƙi dubbai daga ƙasashe fiye da 50 suka cika Legas, har aka gina musu unguwa sukutum wadda har yau sunan bikin take amsawa. Miriam Makeba ta zo, Stevie Wonder ya zo. Mu a Arewa rabonmu shi ne gagarumin hawan dawaki da aka yi a Kaduna, wanda dattawa ke ba da labarinsa har gobe. Wasan kwaikwayon da Najeriya ta gabatar shi ne Langbodo na Wale Ogunyemi, wanda Dapo Adelugba ya ba da umarni, labarin da aka ciro daga littafin Yarabanci na D. O. Fagunwa. Fim ɗin da ƙasar ta fitar kuwa na Hausa ne: Shaihu Umar, wanda Adamu Halilu ya shirya daga littafin Firayim Minista Abubakar Tafawa Ɓalewa.

A nan nake so ku tsaya tare da ni, domin labarin wannan fim shi ne ainihin dalilin wasiƙata. Fim ne da gwamnati ta kashe wa kuɗi, ta tura shi ya wakilci ƙasa a gaban duniya, kuma marubucin labarin shi ne mutumin da ya karɓi tutar 'yancin kai. Duk da haka ya ɓace ɓat. Mun karanta littafin a makaranta, mun koyar da shi, mun karanta wasan kwaikwayon da Umaru Ladan da Dexter Lyndersay suka tsara daga cikinsa, amma fim ɗin sai dai mu ji a bakin manya. Na yi shekaru ina gaya wa ɗalibaina cewa akwai shi, ba tare da na taɓa sa shi a idona ba. Kusan shekara arba'in yana kwance cikin gwangwanaye a wani tsohon ɗakin ajiya a Legas, sai a 2016 aka gano shi, aka kai shi Jamus aka gyara, aka nuna shi a bikin finafinai na Berlin a 2018. Mutanen Jamus sun riga jikokin Bahaushe ganin Shaihu Umar a majigi. Allah ya saka wa waɗanda suka tono shi da alheri. To amma idan abin da ke da suna irin wannan zai iya ɓacewa haka, ina labarin ɗaruruwan wasannin da aka yi a kan dandamalin Iganmu, waɗanda ba a ɗauka a fim ba, aka tashi aka rufe labule kowa ya kama gabansa?

Domin kuwa an yi wasanni. Shekarun da suka biyo bayan FESTAC su ne ganiyar gidan. Hubert Ogunde, wanda tun shekarun 1940 yake yawo da 'yan wasansa gari-gari a mota, har Arewa, ya koma fim ya fitar da Aiye a 1979, sannan Jaiyesimi. Masu finafinan Yarabanci irin su Baba Sala da Ade Love su ma suna cika ɗakunan silimar, musamman lokacin Salla da Kirsimeti. A 1986 gwamnati ta ɗora wa Ogunde nauyin tattaro 'yan wasa da makaɗa da masu rawa daga jihohi, abin da ya zama Ƙungiyar 'Yan Wasa ta Ƙasa, wadda doka ta tabbatar da ita a 1991, shekara guda bayan rasuwarsa. Daga baya Ahmed Yerima, wanda ya taɓa koyarwa a Jami'ar Ahmadu Bello, ya shugabanci ƙungiyar, shi ne kuma ya rubuta wasa a kan Sarkin Musulmi Attahiru, wanda Turawa suka kashe a Burmi a 1903. Ga ƙananan ƙungiyoyi na matasa da 'yan jami'a da suka riƙa kama ƙaramin ɗaki suna gwada sa'arsu. Waɗannan su ne suka mai da siminti da ƙarfen Bulgeriya ya zama gidan 'yan Najeriya.

Ku lura da abu ɗaya cikin wannan tarihi. Ranakun da gidan ya fi cika, ranakun da layi ke zagaye gini, su ne ranakun da aka yi wa mutane magana da harshen da suke yi a gida. Na gani da idona, kuma duk wanda ya san wancan zamani zai shaida.

Abin da ya biyo baya ba ɓoyayye ba ne, jaridu sun rubuta shi har sun gaji. Tattalin arziki ya karye, darajar naira ta faɗi bayan 1986, shirya fim na majigi ya gagari mai ƙaramin ƙarfi, kaset ɗin bidiyo ya shigo kowa ya zauna a ɗakinsa. A Disambar 1991 gwamnati ta tattara ta koma Abuja, ido ya bar kan gidan. Babban zauren aka rufe shi tun farkon shekarun 1990. A 2001 aka tayar da maganar sayar da gidan, 'yan wasa da marubuta suka yi ca, ciki har da Wole Soyinka, aka janye. Bayan wasu shekaru maganar ta sake dawowa da wata riga, wai a ba 'yan kasuwa haya su gina otal da kantuna. A duk tsawon wannan lokaci waɗanda suka ƙi barin wurin su ne 'yan wasan kansu. Akwai wata inuwa a harabar da suke kira Abe Igi, wato gindin bishiya da Yarabanci. Nan suke haɗuwa, nan ake neman wanda zai fito a sabon wasa, nan ake gardama, nan ake haɗa gudunmawa in wani ya kwanta ciwo. Duk Bahaushe ya san irin wannan majalisa. Ita ta riƙe wa gidan rai har gyara ya zo, lokacin da gwamnatin Muhammadu Buhari ta miƙa shi ga Babban Bankin Najeriya da kwamitin shugabannin bankuna a 2020.

A Yulin 2024 Shugaba Tinubu ya sa wa gidan sunan Wole Soyinka, daidai da cikarsa shekara 90. Ba ni da ja a kan wannan. Mutumin ya ci kyautar Nobel a 1986, rayuwarsa duka a kan dandamali ya yi ta, ya kuma tsaya wa gidan lokacin da ake neman rabuwa da shi. Abin da nake roƙo kawai shi ne kada sauyin suna ya sa a manta da nauyin da ke cikin tsohon sunan. “Na ƙasa” aka ce, kuma da kuɗin ƙasa aka gina shi.

To ga roƙona na farko, wanda ya fi kowanne gaggawa. Ku sa a rubuta tarihin abin da aka yi a cikin gidan nan, tun daga 1976 har yau, wasa bayan wasa. Wane wasa ne, wa ya rubuta, wa ya ba da umarni, su wa suka fito, a wane ɗaki, kwana nawa ya yi, mutum nawa suka kalla. A nemo takardun shela da aka manna a bango, da ƙananan littattafan da ake raba wa 'yan kallo, da hotuna, da guntayen jaridu, da kaset-kaset ɗin da gidajen talabijin suka ɗauka. Cibiyar nan ta CBAAC, wadda aka kafa domin adana kayan FESTAC, tana riƙe da wani kaso. Amma mafi yawa suna cikin akwatunan tsofaffi da kuma kawunansu. Ku tura matasa da na'urar ɗaukar magana su zauna da dattawan Abe Igi, da masu kunna fitila, da masu ɗinka sutura, da mai yagar tikiti a bakin ƙofa. A sa abin da aka tara a intanet kyauta, a fassara shi cikin manyan harsunan ƙasa.

Na san yadda irin wannan dukiya ke salwanta, domin ta salwanta a gabana. Akwai wani dattijo a unguwarmu da ya yi shekara talatin yana wasa a wata ƙungiyar kwaikwayo, tun zamanin da ake yin wasa a filin makaranta da fitilar aci-bal-bal. Duk wasan da suka yi shi ke rubuta shi da hannu a littafin makaranta mai shafi arba'in, ya ajiye a adakar ƙarfe. Kullum ina cewa zan je mu zauna in kwafe. Bayan rasuwarsa ɗansa ya buɗe mini adakar. Ruwan damina ya shiga ta ƙasa inda ta yi tsatsa, gara ta gama da sauran. Na ɗaga littafi ɗaya ya marmashe a hannuna, abin da na iya karantawa bai wuce jerin sunayen 'yan wasa da kalmar “fita ta biyu” ba. Laifin nan nawa ne, kuma har yau yana damuna. Kasimu Yero ya rasu a 2017, Samanja Mazan Fama ya rasu a 2023. Takwarorinsu na Kudu ma haka suke tafiya ɗaya bayan ɗaya. Fitilar zaure in ta mutu ana iya sayo wata baɗi, amma zama da waɗannan dattawa ba ya jiran kasafin kuɗi.

Na biyu, ku tsare wa wasan kwaikwayo ranakunsa. Gidan da aka kashe wa biliyoyin naira dole a nemi ya ciyar da kansa, na fahimci haka, kuma ba na zargin kowa da neman kuɗin wuta da na gyara. Tsorona shi ne abin da na gani a wani zauren al'adu a wani gari na Arewa da na zauna. An gina shi domin wasa, amma da aka ga masu biki sun fi biya, sai ya zama duk Asabar da Lahadi kamu ne ko liyafar aure, ƙungiyar matasa in ta zo neman ɗaki sai a gaya mata kuɗin da ko ta sayar da duk tikitinta ba za ta mayar ba. Cikin 'yan shekaru yaran garin suka daina sanin cewa wurin na wasa ne. Ku ware wasu ɗakuna da wasu watanni waɗanda ba a ba da su haya ko nawa aka taya, ku sassauta wa ƙananan ƙungiyoyi, ku buga jadawalin shekara tun da wuri yadda malami zai iya shirya kawo ɗalibansa. Tikitin ma a yi shi yadda ɗan fataken goro zai iya shiga, kamar yadda na shiga.

Na uku shi ne wanda ya shafe mu kai tsaye. Kalmar nan da Bature ke kiran irin gidanku da ita, wato theatre, ta shigo Hausa ne ta ƙofar asibiti. In ka ce wa Bahaushe tiyata, wuƙar likita zai tuna. Wannan kaɗai ya isa ya nuna irin nisan da ke tsakaninmu da gidan, alhali kuwa kwaikwayo ba baƙonmu ba ne. Muna da tashe a watan azumi, inda yara ke kwaikwayon mai rowa da malamin ƙarya da miji marar adalci a ƙofar gidan kowa. Muna da wasan gauta, wanda ake kwaikwayon sarki da fadawansa a gaban sarkin. Muna da 'yan kama. A rubuce kuma akwai Wasan Marafa na Abubakar Tunau, da Jatau Na Kyallu na Shu'aibu Maƙarfi, da Uwar Gulma na Mohammed Sada, da Kulɓa Na Ɓarna na Umaru Ɗanjuma Katsina, waɗanda dubban yara suka karanta domin jarrabawa ba tare da sun taɓa ganin an taka su a dandamali ba. A Jamhuriyar Nijar su Yazi Dogo sun nuna cewa wasan Hausa yana iya riƙe jama'a shekara da shekaru. A Samarun Zariya kuma, a daidai lokacin da ake gina naku gidan, Jami'ar Ahmadu Bello ta gina nata ƙaramin gidan wasa da jar ƙasa, bisa fasalin gidan Bahaushe mai zaure da tsakar gida, kuma daga nan ɗalibai suka riƙa fita ƙauyuka suna shirya wasa tare da manoma a kan matsalolinsu. Ƙwararru suna nan. Gayyata ce babu.

Za a ce mini wa zai zo kallon wasan Hausa a Legas? Wanda ya yi wannan tambaya bai zaga Agege ba, bai shiga Mile 12 da asuba ba, bai san Idi-Araba da Obalende da Alaba Rago ba. Hausawa sun fi ƙarni a wannan birni, akwai waɗanda kakanninsu ma can aka haife su. Suna sayen finafinan Kano, suna cika fili in mawaƙi ya zo. Ba a taɓa gaya musu da harshensu cewa wancan gini mai kama da hular soja su ma nasu ne ba. Yanzu ga jirgin ƙasa na cikin gari da ke tashi daga Marina zuwa Mile 2 yana tsayawa a bakin gidan. Kuma ba don Hausawa kaɗai nake roƙo ba. Ina so yaron Bayarabe ya zauna ya kalli Uwar Gulma, wata dattijuwar Bahausa ta sunkuyo tana fassara masa, kamar yadda aka yi mini. Haka Ibo, haka Tibi, haka Barebari da Fulani da Nufawa.

Mu ma 'yan Arewa da namu laifin, ba zan ɓoye ba. Mun bar dandamali ya mutu a hannunmu, muka koma talabijin, daga nan bidiyo, yanzu waya. Attajiranmu ba sa ganin wasan kwaikwayo a matsayin abin da ake kashe wa kuɗi, wasu iyaye kuma har yau kallon shashanci suke yi masa, ko da kuwa wasan yana koyar da abin da suke faɗa wa 'ya'yansu kullum. Wannan namu ne mu gyara, kuma muna faɗa wa junanmu. Amma ranar da aka ji cewa ƙungiya daga Katsina ko Zariya ko Sakkwato ta yi mako guda tana wasa a Gidan Ƙasa, ranar da uba ya ga hoton ɗansa a wannan dandamali, maganar za ta fara sauyawa a cikin gidaje. Ku kuma ku riƙa ɗauko abin da aka yi a Iganmu ku zaga da shi jihohi, yadda Ogunde ya yi da motarsa tun ba a san za a gina gidan ba.

A watan Janairun 2027 FESTAC zai cika shekara 50. Ina roƙon ku, cikin abin da za ku shirya, ku nemo Shaihu Umar da aka gyara ku nuna shi a ɗakin silimar gidan, ku sake ɗora Langbodo a babban zaure, ku gayyato waɗanda suka rage daga cikin 'yan wasan 1977 su zauna a sahun gaba, kundin tarihin nan kuma ya kasance an fara shi ko da juzu'i na farko ne. Ku sanar a gidajen rediyo da Hausa, a Legas da Kaduna da Kano. In Allah ya kai mu da rai da lafiya zan zo, kuma zan riƙo hannun jikana, wanda a lokacin zai kai shekarun da nake da su ranar da mahaifina ya nuna mini ginin daga kan gada.

Allah ya taimake ku a kan wannan amana.

Wassalam.

Naku,
Wani tsohon malamin makaranta, daga Kano